Jelectro na Gem ɗin Mario: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Darasinmu na yau ya fito ne daga wasan gem. Duk wanda ya taɓa buga Mario a waya ko a gidan gem ya san matakan cikin ruwa sun fi ba da wuya. A can ake haɗuwa da wani abokin gaba mai haske da ake kira Jelectro. Tambayarmu ita ce: akwai irin wannan halitta a duniya, ko ƙirƙirarta kawai aka yi?

Wane ne Jelectro?

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Super Mario Bros. 3 a shekarar 1988, kuma a cikinsa Jelectro ya fara bayyana. Ba ya bin Mario, ba ya ma barin wurinsa. Yana nan cik a cikin ruwa yana walƙiya, duk wanda ya taɓa shi wutar lantarki ta ja shi. Ƙwallon wutar da Mario ke jifa da ita ba ta yi masa komai, don haka dabara ɗaya ce, a lallaɓa a bi ta tsakani. A mataki na 7-4 an jera su da yawa, sai mai haƙuri yake wucewa.

A wani wasan na Nintendo mai suna The Legend of Zelda akwai 'yan'uwansa biyu, Bari da Biri. Wannan Biri ba na kan bishiya ba ne. Amma Bari kam sunansa ya dace, domin idan yana tartsatsin wuta ka kai masa sara, kai za ka ji a jikinka. Gara ka bari.

Halittar da aka kwaikwaya

Dukkansu an zana su ne daga wata halittar teku da Turawa ke kira jelifish. Ba kifi ba ce, duk da sunan. Siffarta kamar ƙwarya a kife, da wasu zare-zare suna lilo a ƙarƙashinta. Wasu jikinsu garai-garai yake kamar farar leda. Ba ta da ƙashi, ba ta da zuciya, ba ta da jini, ba ta da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Masana sun ce ta fi shekara miliyan 500 a duniya. Mu da ke Katsina mun yi nisa da teku, shi ya sa yawancinmu a gem ko a talabijin muka fara ganinta.

Hasken gaskiya ne

Ba duk jelifish ke haske ba, amma akwai masu yi, kuma babu batir ko waya a jikinsu. Sinadarai ne suke haɗuwa su ba da haske marar zafi. Ba sai mun je teku ba za mu ga misalinsa. Da damina, idan dare ya yi, muna ganin maƙesu yana ƙyal-ƙyal a fadama da bakin gonaki. A cikin cikinsa akwai sinadarin lusifarin, idan ya haɗu da iskar oksijin sai haske ya fito. Wanda ya taɓa riƙe maƙesu a tafin hannu ya san ba ya ƙuna. Ƙwan lantarki irin na da kuwa, idan ya jima a kunne ba ya taɓuwa.

Lantarkin ƙari ne

A nan masu gem suka sa gishiri. Jelifish ba ta da wutar lantarki. Harbi take yi, kamar kunama ko rina. A jikin zare-zarenta akwai dubban ƙananan allurai masu dafi waɗanda ido ba ya gani, da zarar an taɓa su sai su harba. Wasu harbinsu ƙaiƙayi ne kawai, amma akwai mai kusurwa huɗu a tekun Ostireliya wadda dafinta yake kashe mutum.

Mai lantarki na gaskiya yana nan a ruwayen Afirka, kuma yana da suna da Hausa: minjirya. Kifi ne marar ɓawo, dangin tarwaɗa, ana samunsa a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi. Babba yana iya sakin wuta ta kusan bolt 350 don ya sumar da ƙananan kifaye ko ya kori abokin gaba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Sai dai tasa ta ɗan ƙiftawar ido ce. Wanda ke da ɗan'uwa masunci a dam ɗin Ajiwa ko na Zobe ya tambaye shi labarin minjirya, ya kawo mana mu liƙa a allon nan.

Ke nan Jelectro haɗe-haɗe ne: an ɗauki siffar jelifish da haskenta, aka ƙara mata aiki irin na minjirya.

Mutumin da ya bi hasken

Wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, ya so ya san dalilin hasken wata jelifish mai suna Aequorea victoria, wadda ke zaune a gaɓar tekun yammacin Amurka. A shekarar 1961 shi da abokan aikinsa suka kama kusan guda 10,000 a garin Friday Harbor. Abin da suka tace daga cikinsu miligiram 5 ne kacal, wato kamar nauyin ƙwayar gero ɗaya. Bai karaya ba. A tsawon shekaru, shi da iyalinsa da abokan aikinsa sun tara kusan 850,000.

Ya gano furotin iri biyu. Na farko yana ba da shuɗin haske idan ya haɗu da sinadarin kalsiyam. Na biyu, wanda ake kira GFP, yana karɓar shuɗin ya mayar da shi kore. A 1994 Martin Chalfie ya sa GFP a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa, sai wasu ƙwayoyin halittarta suka yi haske tana raye. Roger Tsien kuma ya samar da shi a launuka daban-daban. A 2008 aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, su ukun.

Yau masu bincike suna amfani da GFP kamar fitila a cikin jiki. Da shi suke bin sawun ciwon daji su ga yadda yake yaɗuwa. Da shi kuma suke kallon ƙwayar cutar maleriya tana girma a cikin sauro. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin duk damina akwai kujerun da ke zama babu kowa a azuzuwanmu saboda zazzaɓi.

Abin da za mu riƙe

Mai yin gem yana so wasa ya yi daɗi ne, ba jarrabawa yake shirya mu ba. Idan malamin kimiyya ya tambayi yadda jelifish ke kare kanta, muka rubuta lantarki saboda mun gani a Mario, mun rasa maki. Don haka duk abin da muka gani a gem ko a waya, mu tambayi malami ko mu duba littafi kafin mu yarda. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan kusa da mu a kan hanyar Dutsin-ma, kuma ana koyar da kimiyyar halittu a can. Hanyar zuwa can tana farawa ne daga irin wannan tambaya.

Tambayoyin mako

1. A wace shekara Super Mario Bros. 3 ya fito, kuma a wace ƙasa?
2. Faɗi abubuwa uku da jelifish ba ta da su.
3. Mene ne bambancin makamin jelifish da na minjirya?
4. Me ya sa hasken maƙesu ba ya ƙuna?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare