Sadarwa ta Tauraron Ɗan'adam a Fadamar Haɗeja: Wace Na'ura ta Dace da Motar Bincike?

A watan Janairu, lokacin da ruwan fadama ya fara janyewa, masu ƙidayar tsuntsaye kan loda kayansu a mota su bar garin Haɗeja su nufi Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, wasu su zarce har Nguru. Can suke tarar da dinya da kirinjijiya, tare da dubban baƙin tsuntsayen ruwa da suka ƙetaro Sahara daga Turai don gudun sanyi. Irin wannan tafiya masu auna ruwan kogi da jami'an lafiya suke yi da damina. Dukkansu matsala guda suke fuskanta: da an sauka daga kwalta an yi nisa da turakun sadarwa, sai wayar hannu ta yi shiru. Idan mota ta kafe a laka a wannan hali, ko ruwa ya ƙaru cikin dare kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, rashin hanyar aika saƙo kan iya zama asarar rai.

Maganin wannan shi ne na'urar da ke magana kai tsaye da tauraron ɗan'adam. Amma na'urorin iri-iri ne, kuma mai saye yakan ruɗu da tallar saurin intanet, alhali sauri shi ne abu na ƙarshe da fadama za ta tambaye shi.

Da farko ya kamata ɗalibi ya san cewa taurarin ba tsayinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda ke nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, saboda haka ana ganinsu kamar a tsaye suke wuri ɗaya. NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba a Disamba 2011, yana cikinsu, haka ma na kamfanonin Inmarsat da Thuraya. Shi ya sa farantin talabijin da ke kan soro ba ya motsi. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, watau tafiya huɗu ke nan, wajen kilomita 143,000. Malami na iya bai wa aji wannan lissafi: amsar ta kusa rabin daƙiƙa, kuma shi ne jinkirin da ke sa masu hira ta irin wannan waya su riƙa cin karo da maganar juna.

Kashi na biyu su ne na kusa. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka, suna nisan 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai. Na Iridium guda 66 suna wajen kilomita 780. Jinkirinsu kaɗan ne, sai dai ba sa tsayawa: kowanne yana kewaya duniya cikin abin da bai kai awa biyu ba, ya ɓace wa na'ura cikin 'yan mintoci, wani ya maye gurbinsa. Don haka na'urar Starlink ba ta neman kusurwa ɗaya. Fili take so mai faɗi a sararin sama, ƙananan eriyoyin da ke cikin allonta suna bin taurarin ba tare da allon ya juya ba.

A nan ilimin halittu ya shigo. Fiye da rabin nauyin ɗanyen ganye ruwa ne, shi kuwa ruwa yana shanye igiyoyin rediyo masu gajeren zango. Starlink yana aiki da zangon da ake kira Ku, wanda tsawonsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba. Inuwar tsamiya ko kanya, inda kowane matafiyi zai so ya ajiye mota da tsakar rana, nan ne mafi munin wurin kafa wannan na'ura. Kurmin goruba ma yakan datse saƙon duk lokacin da tauraro ya bi ta bayan ganye. Wani abin lura kuma, itatuwan ba lokaci ɗaya suke rufe sama ba. Kuka tana zubar da ganye da rani, ta yi lif da damina. Gawo kuwa akasin haka yake yi. Wurin da sadarwa ta yi kyau a Fabrairu yana iya ƙin yi a Agusta, ba don na'ura ta lalace ba. Saboda haka na'urar da ake iya cirewa a kai ta fili da doguwar waya ta fi wadda aka ɗaure a rufin mota amfani ga mai aikin fadama.

Ruwan sama mai ƙarfi ma haka yake yi wa zangon Ku. Hadarin Agusta kan yanke sadarwa na ɗan lokaci, daidai sa'ar da aka fi bukatarta. Hazon hunturu bai cika dame shi ba, domin ƙurar busasshiya ce kuma ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai. Ɓarnarta ita ce dusashe allon sola. Na'urorin Iridium da Thuraya da Inmarsat na hannu suna amfani da zangon L, mai tsawon kusan santimita 19, wanda ruwan sama ba ya tare shi sosai. Ba su da sauri, kuma kuɗin kowane saƙo yana da tsada, amma suna shiga aljihu, suna kuma iya bin mutum cikin kwalekwale inda kachalla ta toshe hanya mota ba ta zuwa.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Babban allon Starlink yana cin wat 75 zuwa 100. Ƙaramin, mai suna Mini, da ya fito a 2024, nauyinsa ya ɗara kilo ɗaya kaɗan, yana cin wat 25 zuwa 40, kuma yana karɓar wutar batir kai tsaye. A ɗauki batirin mota mai bolt 12 da amfiya-awa 70: a takarda yana riƙe da wat-awa 840. Awa huɗu na aiki da babban allo za su cinye wajen 360, ƙaramin kuwa wajen 120. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a zuƙe shi haka ba, kuma wanda ya wayi gari a bayan Guri da intanet amma mota ta ƙi tashi bai ci riba ba. Dole a tanadi batir na biyu daban, da allon sola da zai cika shi. A kuma tuna da zafi. An ƙera na'urar Starlink ta jure har digiri 50, zafin Afrilu a Haɗeja kuwa yakan haura 40 a inuwa, balle a kan rufin ƙarfe ko cikin mota a rufe.

Kafin biyan kuɗi, a tabbatar na'urar tana da amincewar Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, a kuma duba irin rajistar da za a yi. Akwai wadda aka ɗaure da adireshin gida guda, akwai ta yawo. Ta biyun ce ke yi wa matafiyi.

Ayarin da zai aika hotuna da taswirori da alƙaluman ƙidaya kowane maraice, ƙaramin allo mai cin wuta kaɗan ya ishe shi. Wanda bukatarsa ita ce ya sanar da inda yake, ko ya faɗa wa mutanen Auyo da Haɗeja cewa ruwan da ya taso daga Tiga da Challawa ya ƙaru, na'urar aljihu mai zangon L ta fi masa aminci. Idan kuɗin ayari ba zai sayi duka biyun ba, kuma tafiyar ta damina ce, ta aljihun ya kamata a fara saya.