Sallama da Tsohuwar Kwamfuta: Ina Gawarta Za Ta Tafi?

Gabatarwa

A watan jiya kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta daina aiki. A kanta na rubuta kundin digirina na uku, don haka rabuwa da ita ta yi mini nauyi. Mai gyara ya ce in ba 'yan gwangwan. Na tsaya ina tunani, domin ilimin halittu ya koya mini in tambayi makomar kowace gawa.

Abin da ba ya ruɓewa

Idan akuya ta mutu a daji, tsutsotsi da bakteriya da funfuna za su ci namanta, su mayar da sinadaranta cikin ƙasa, ciyawa ta amfana. Kwamfuta ba ta shiga wannan zagaye. Ƙarafan da ke cikinta babu halittar da ke iya hallaka su, sai dai su canza mazauni: daga bola zuwa rijiya, daga rijiya zuwa jini.

Abin da ke cikinta

Kafin dokar Tarayyar Turai ta 2006, da haɗin dalma da kuza ake liƙa yawancin sassan kwamfuta. Allunan tsofaffin kwamfutoci kuma suna da siririyar fitila mai ɗauke da zaiba, wadda ke lahani ga jijiyoyi da ƙoda. Batirin litiyam yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi. Robar wayoyi kuwa, idan aka ƙona ta don ciro jan ƙarfe, tana fitar da hayaƙi mai guba.

Yadda dalma ke cutarwa

Jiki yakan ɗauki dalma tamkar kalsiyam, ya ajiye ta cikin ƙashi shekaru masu yawa. Tana hana jiki haɗa jini yadda ya kamata, tana kuma dakushe ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Hanjin yaro ya fi na babba tsotse ta. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Dalmar kwamfuta ɗaya ba ta kai wannan yawa ba, amma dalma ce dai, kuma tana taruwa a jiki.

Kammalawa

Ga abin da na yi. Na kwashe bayanaina, na cire rumbun ajiyarsu na riƙe. Na ajiye batirin daban, nesa da zafi. Allon da madannan na ba mai gyara, domin su raya wata kwamfutar. Ban ƙona komai ba, ban kuma bar wa yara su yi wasa da shi ba.

Aiki ga ɗalibai: ku binne ɓawon ayaba da guntun wayar lantarki a wuri ɗaya, ku riƙa ban ruwa. Bayan mako huɗu ku tona, ku rubuta abin da kuka gani.