Darasi na 12: Daga aji zuwa gida

Makarantarmu tana Sabon Gari, cikin birnin Maraɗi. Da safe muna share aji da fili. In an buga ƙararrawa sai mu yi layi, a ɗaga tuta, mu shiga aji. Kowa ya fiddo allonsa da alli. Malam yana yin tambaya, kowa ya rubuta amsa bisa allonsa. In ya buga tebur sai mu ɗaga alluna sama gaba ɗaya. Da kallo ɗaya malam yake sanin wanda ya gane da wanda bai gane ba.

Amma malam ɗaya ne, mu kuwa muna da yawa. Abin da aka rubuta da alli kuma gogewa ake yi. Yaron da bai maimaita darasi a gida ba, kafin gobe ya manta rabinsa. Yau ya manta kaɗan, gobe kaɗan, ƙarshen shekara ƴan ajinsu su wuce su bar shi.

Wa zai taimake mu a gida?

A da, da faransanci kaɗai ake koyarwa. Yaro ya zo da littafinsa gida, iyayensa ba su jin abin da ke ciki. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da hausa. Daga baya aka buɗe wasu da zabarmanci, da fulatanci, da barbarci, da tamajak. A shekarar 2025 kuma aka maida hausa harshen ƙasa a Nijar. Tun da darasinmu da hausa yake, inna da baba da kaka duk suna jin shi, ko ba su taɓa shiga aji ba. Ga hanyoyi uku da za mu yi aiki tare da su.

Ta farko, lissafin kuɗi. Ku dubi ƙwandalar da aka rubuta wa 25. A kasuwa ba a ce mata ashirin da biyar, dala biyar ake cewa. Wadda aka rubuta wa 50 ita ce dala goma, mai 100 kuma dala ashirin. Dalili shi ne dala ɗaya faran 5 ce. In ka raba lambar da ke bisa kuɗin da 5, ka sami dalolinta. Takardar 1000 ita ce jika ɗaya, wato dala 200. Inna ta san sunan kowane kuɗi, ta iya canji da ka. Kai kuma ka iya karanta lamba. Ka ce mata: "Inna, ki ba ni lissafi." Ta ce: "Na sayi tumatir na dala bakwai, na ba da dala ashirin. Nawa ne canjina?" Ka rubuta a allo, ita ta faɗa maka ko ka yi daidai. Yarinyar da ta iya wannan, ba mai cutar ta wurin canji in an aike ta.

Ta biyu, karatu da ƙarfi. Hausa tana da haruffa huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Babu su a faransanci. In ka bar ƙugiya, maganar ta canza: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban. Ka karanta wa baba shafin da kuka yi yau. Ko bai san harafi ba, kunnensa ya san hausa. In ka ce "kafa" a wurin "ƙafa", nan da nan zai tsai da kai. In kun fita tare, ka karanta masa allunan bakin hanya. Za ka ga an rubuta Maradi da Djiratawa. Wannan rubutun faransanci ne. Da hausa Maraɗi muke rubutawa, da Jiratawa.

Ta uku, labarin manya. Akwai darasin da ba ya cikin littafi. Tsohon garin Maraɗi a kwari yake, kusa da gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, mutane suka hau tudu suka gina sabbin unguwanni. Ka tambayi kaka abin da iyayenta suka gaya mata game da wannan ruwa. Yaron Tibiri ya tambayi tarihin fadar Sarkin Gobir. Yaron Jiratawa ya tambayi yadda ake ban ruwa a gonakin rani. Ka rubuta jimla uku daga abin da ka ji, ka kawo aji gobe.

Wannan aiki ba ya son dogon lokaci. Bayan la'asar, tun da sauran haske, ka shimfiɗa tabarma wuri ɗaya kullum. Ka gama aike da ɗibar ruwa tukuna, don kada a yi ta kiranka. A gidan da yarinya take da wanke-wanke, ƴan'uwanta maza su taya ta, ita ma ta sami lokacin allonta. In babu alli, ƙasa ma allo ce: ka rubuta da tsinke. Ka rataye jakarka sama, inda awaki da ƙanne ba su kai.

Ma'anar kalmomi

Ƙwandala: kuɗin ƙarfe.
Kwari: wuri mai gangare inda ruwa yake taruwa.
Maimaita: sake yin abu.

Tambayoyi

1. Me ya sa muke ɗaga alluna sama in malam ya buga tebur?
2. A wace shekara aka buɗe makarantar gwaji ta farko? A wane gari?
3. Dala nawa ce faran 200? Faran nawa ne dala 30?
4. Yaya mutumin da bai iya karatu ba zai gyara maka karatunka?
5. Me ya sa mutanen Maraɗi suka koma tudu?

Aikin gida

Ka karanta wa wani babba wannan darasi. Ka roƙe shi lissafin kuɗi guda biyu, ka rubuta su da amsarsu. Ka nemo kalmomi biyar masu ƙugiya.