Makaɗan Jama'a da Zamansu

A ƙasar Moriki, da Zurmi, da Shinkafi, da Ƙauran Namoda, mutane masu son kiɗa ne tun kaka da kakanni. In an ɗaura aure, ko an kira gayyar noma, ko 'yan dambe sun fito fage, sai a nemo makaɗa. Mutane suna ganinsu ran biki cikin manyan riguna, ana ta ba su kuɗi, sai su zaci sana'ar nan ba ta da wuya. Amma ranakun biki kaɗan ne, sauran ranakun shekara kuwa suna da yawa.

Makaɗa iri biyu ne. Akwai makaɗan fada, watau waɗanda suke ƙarƙashin sarki guda. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, irinsu ne, gama shi makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, da kotso yake kiɗa. Makaɗin fada, cinsa da suturarsa da dokin hawansa suna wuyan ubangidansa. Amma fa ba shi da ikon ya tafi inda ya ga dama, ko ya yi wa wanda ya so waƙa, sai da yardar sarki.

Akwai kuma makaɗan jama'a. Su ba su da ubangida guda, kowa nasu ne. Kassu Zurmi ya yi suna wajen kiɗan maza, irin su mafarauta da 'yan tauri. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina, ya kuma rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai da manoma da direbobi waƙa da kalangu. Waɗannan sun shahara, amma akwai ire-irensu masu yawa a ƙauyuka waɗanda sunansu bai wuce ƙasarsu ba. Makaɗin jama'a yana da ikon kansa. Sai dai ran da ba a kira shi ba, babu mai aiko masa da ko mudun gero.

Makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai shugaba, shi ke tsara waƙa, shi ke kuma ba da ita. Akwai 'yan amshi, waɗanda suke karɓa masa. Akwai masu kaɗa kalangu ko ganga. Sa'an nan akwai sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya san mutanen gari da asalinsu, ya riƙa kiran sunayensu, ya kuma faɗa wa taro abin da kowa ya bayar. In ɗayansu ya yi sake, aikin duka ya ɓaci. Saboda haka sukan zauna da dare a ƙofar gidan shugaba, su yi ta bitar sabuwar waƙa har ta zauna a bakin kowa.

Kayan kiɗa kuma suna son kulawa. Kalangu ice ne aka fafe, aka rufe bakinsa biyu da fata, aka haɗa su da tsirkiya. In makaɗi ya matse tsirkiyar a hammatarsa, sai murya ta yi sama, in ya saki, ta yi ƙasa. Da damina laima takan sa fata ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta kafin ta yi zaƙi. In kuwa ta fashe ana cikin wasa, sai a yi ta kunya. Don haka makaɗi mai hankali ba ya fita sai da wata fata a jakarsa.

Samun makaɗa yana bin lokaci. Da damina bukukuwa kaɗan ne, kowa yana gona, su ma makaɗan sai su rataye kalangu su ɗauki fartanya. In an kira su gayya, su yi wa manoma kiɗa, a sallame su da ɗan abin da ya samu. Da kaka kuwa, in an yi girbi, rumbuna sun cika, sai aure da dambe da kokawa su tashi. A nan ne makaɗa suke samun kuɗi, da riguna, da dammunan gero, wani lokaci har da akuya. Cikin watan azumi kuma sai kiɗan biki ya tsaya har Salla. Wanda bai yi tanadi da kaka ba, lalle zai ji jiki da bazara.

Tafiya ita ma wahala ce. A dā da ƙafa ko da jaki makaɗa suke bin ƙauyuka, su kwana a zauren mai biki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, sai tafiya Gusau da Zariya ta yi sauƙi. Daga baya motoci suka yawaita. A 'yan shekarun nan kuma ɓarayin daji sun dami ƙasar Zamfara, har mutane suna tsoron bin hanya da yin taron dare. Wannan ya rage wa makaɗa samu ƙwarai.

Amma abin da ya fi raba makaɗa shi ne rabon kuɗi. A ce mutum shida ne suka tafi biki, suka samo naira 30,000. Kuɗin mota ya ci 6,000, abinci ya ci 3,000, aka ware 3,000 domin gyaran kayan kiɗa. Saura 18,000 ke nan. Shugaba ya ɗauki 6,000, sauran biyar ɗin suka raba 12,000, kowa ya tashi da 2,400. Wannan shi ne ladan kwana biyu na tafiya da dare guda na rashin barci, ga kuma iyali suna jira a gida. Wani mai biki ma yakan yi alkawarin riga a gaban jama'a, don a yabe shi, in gari ya waye a neme shi a rasa.

Kowace ƙungiya da irin rabonta, amma duka abu guda suke bukata, watau gaskiya. Shugaba na kirki yakan zube abin da aka samu a kan tabarma, a ƙirga a gaban kowa. In ya soke wani abu a aljihu, yaransa za su gane, gama sanƙira ya riga ya faɗi abin da kowa ya bayar. Yau ɗaya ya yi fushi ya zauna gida, gobe wani ya koma wurin wani makaɗi. Ran da aka sake kiransa biki, sai ya ba da waƙa, ya rasa mai karɓa masa.

Yanzu zamani ya sake. An yi zamanin faifai, aka yi na kaset, yau kuma waƙa tana cikin wayar hannu. Wani mai biki sai ya ɗauko na'ura mai amsa-kuwwa, ya sa waƙar makaɗi, mutane su yi ta rawa, shi kuwa mai waƙar bai sami ko kwabo ba. Duk da haka na'ura ba ta san sunan kakan ango ba, ba ta kuwa iya zuga manomi ya ƙara kunya ɗaya. Shi ya sa har yau ake neman makaɗa. Su kuma waɗanda suka daɗe ana jin su, su ne masu haƙuri da juna, masu riƙon amana, waɗanda ba su yar da fartanyarsu ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin makaɗin fada da makaɗin jama'a?
2. Mene ne aikin sanƙira?
3. Don me makaɗa suka fi samu da kaka?
4. In an samo naira 24,000, aka kashe 9,000, shugaba ya ɗauki 5,000, nawa kowane ɗaya cikin yaransa biyar zai samu?
5. Me ke faruwa ga shugaban da ba ya rabon gaskiya?