Darasi na 18: Tada tsohuwar mota

Yara, wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ba ya rasa ganin tsohuwar mota yashe a bayan wani garaji. Ƙafafunta sun sace, tsatsa ta ci ƙofofi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mu muna cewa ta mutu. Bakanike kuwa cewa yake yi barci take yi, muddin ƙarfen da ke ɗauke da ita bai ruɓe ba.

Mu ɗauki misalin Peugeot 404, wadda ake kira kat-san-kat. A Faransa aka fara ƙera ta a 1960. A 1967 aka fito da mai bodi a baya da rufin tamfol, wadda ake ce wa bashe. Ita ce ta daɗe tana kai mutane da buhunan hatsi da na wake kasuwannin karkara irin ta Kornaka. An harhaɗa ta a Kaduna, a Kenya kuma ba a daina harhaɗa ta ba sai a 1991. Ta ci babbar tseren motoci ta Gabashin Afirka sau 4: a 1963, 1966, 1967 da 1968. Injinta ba shi da kwamfuta, saboda haka bakaniken ƙauye na iya gyara shi da ƴan kayan aikinsa.

Bakanike mai hankali ba ya murɗa makulli ranar farko. Sai ya kwance buji huɗu, ya ɗiga mai cikin ramukansu, ya juya inji da hannu don ya ji ko ya cije. Ya zubar da tsohon baƙin mai, ya zuba sabo. Ya wanke tanki, domin isansin da ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe hanya. Ya kakkaɓe matacin iska da ƙurar hunturu ta cika. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓera na son cin su. Ya canza robobin ruwa da rana ta busar, ya sa batir. Sa'an nan ya murɗa makulli.

To, ga inji ya tashi, yara na tafi, mai mota na murna. A nan ne haɗari yake. Mai mota ya kashe kuɗi, yana son ya yi lodi gobe-gobe ya maida abinsa. Amma tashin inji ba shi ne lafiyar mota ba. Inji tafiya kawai ya sani. Furen ne ya san tsayawa.

Furen da mai yake aiki. In direba ya taka, man ne ke bin ƙananan bututu ya matse ƙafafu huɗu. Motar da ta yi shekaru a ajiye, robobin furenta sun bushe, mai na tsiyaya. Sai direba ya taka, ƙafarsa ta kai ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Ku lura: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In saniya ta faɗo hanya, ko yaro ya ƙetare da gudu, ba lokacin dabara.

Shi ya sa bakanike na gari ba ya sakin mota sai ya sake robobin furen da mansa. Ya duba tayoyi, domin tayar da ta tsattsage tana fashewa a kan zafi. Ya girgiza sitiyari, ya kunna fitilu, ya danna ham. Daga nan ya gwada ta a fili, ba kowa a ciki sai shi. Abu na ƙarshe takardu: katin mota, asirans, da takardar bizit, direba kuma da parminsa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sun kuma ce sauri ya haifi nawa.

Mu fahimci kalmomi
Buji: abin da ke ba da tartsatsin wuta cikin inji.
Furen: abin tsaida mota, wasu na cewa birki.
Bizit: binciken lafiyar mota da hukuma ta wajabta.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa aka fara ƙera kat-san-kat? A wace shekara?
2. Don me bakanike ba ya murɗa makulli ranar farko?
3. Me ke lalata furen motar da ta daɗe a ajiye?
4. Mita nawa motar nan za ta ci a daƙiƙa 3?

Aiki
Ku tambayi wani bakanike sunayen kayan aikinsa guda 5. Ku rubuta su da Hausa da Faransanci.

Mu riƙe
Motar da ba ta iya tsayawa ba ta isa hawa hanya ba.