Hukuncin Jinga Tsakanin Mai Gida Da Magini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako shi ne wata husuma da aka kira ni in raba a unguwarmu bayan ɗaukewar damina. Wani bawan Allah ya ba magini jingar ɗaki biyu da zaure. Da gini ya kai linta sai magini ya ce kuɗinsa sun ƙare, gama shi jingarsa ɗora bulo ce kawai. Mai gida kuwa ya rantse har da filasta suka yi magana. Na tambaye su ko akwai takarda, suka ce babu. Na ce shaidu fa? Suka ce ai su maƙwabta ne, sahu ɗaya suke salla, kunya ta hana. To, ga shi kunyar da ta hana rubutu ba ta hana zage-zage a bainar jama'a ba.

Mafi yawan rigimar gini daga nan take tasowa, wato daga jahiltar abin da aka ƙulla tun farko. Shari'a kuwa ba ta bar wannan babi a buɗe ba.

Matsayin Sana'ar Gini

Gini sana'a ce mai daraja. Annabi Ibrahimu da ɗansa Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare su, su suka ɗaga harsashin Ka'aba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 127. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, da kansa ya yi jigilar tubali tare da sahabbansa sa'ad da ake gina masallacin Madina. A Suratul Kahfi, aya ta 77, da Halliru ya tayar da bangon da ke shirin faɗuwa, Annabi Musa ya nuna masa da ya so da ya karɓi lada a kai. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin karɓar lada don aikin hannu.

A ƙasarmu ma magina suna da sarautarsu. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya da tubali da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Saboda haka uban da ɗansa ya nuna sha'awar zama birkila, ko kafinta, ko mai aikin famfo da wayar lantarki, ko ya karanta ilmin zanen gini, kada ya ga kamar yaron ya faɗi. Abin nema dai shi ne ya koya a hannun gwani, ya daure har a yaye shi. Wanda ya yi wata uku yana kwaɓa siminti sa'an nan ya sayi cokali ya ce shi magini ne, to, yana cin kuɗin mutane da abin da bai iya ba.

Wa Ya Kamata A Ɗauka?

Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta ba mu ma'auni. 'Yar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta kuwa ambaci siffa biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfi a sha'anin gini shi ne ƙwarewa. Je ka ga gidan da ya gina wanda ya sha damina uku ko huɗu, ka tambayi mai gidan yadda suka rabu. Kada zumunta ko arahar jinga su rufe maka ido. In bene ne, wajibi ne a nemi injiniya da izinin hukuma, domin rayukan mutane ne za a ɗora a kai.

Irin Ƙullawar

Ma'amala da magini takan zo ta fuska uku. Ta farko aikin yini, inda ake biyansa a kan lokaci. Ta biyu jinga, inda ake biyansa a kan aiki sananne, kayan kuwa na mai gida ne. Waɗannan biyu suna cikin babin ijara, sharaɗinsu kuwa shi ne a san lada, a kuma san lokacin ko a san aikin, sani wanda zai kau da gardama. Ta uku ita ce kwangila, inda kaya da aiki duk daga ɗan kwangila suke. Malaman Hanafiyya sun kira irin wannan istisna'i. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta zartar da halaccinsa bisa sharaɗin a bayyana nau'in abin da za a yi, da yawansa, da siffofinsa, da ajalinsa. Ta kuma yarda a biya kuɗin kashi-kashi, a kuma sa sharaɗin tara idan ɓangarorin biyu sun amince, muddin ba larurar da ta fi ƙarfin mutum ce ta gitta ba.

Don haka kafin a haƙa tushe a zauna a rubuta: yawan ɗakuna da faɗinsu, bulo mai inci 6 ne ko mai inci 9, kaurin rodi, irin kwano da katako, wa zai kawo ruwa, wa zai biya leburori, nawa ne kafin alƙalami, kuma a wane mataki za a ba da saura. A sa shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka. In mai gida ya sake shawara ana tsakiyar aiki, ya ce a ƙara taga ko a tayar da katanga, to, a yi wa ƙarin tsada a nan take kafin a taɓa shi.

Abin Da Ke Kan Magini

Buhari da Muslim da sauransu sun cika da gargaɗi a kan cin amana. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa barrantar da mai algus daga gare shi. Babu sana'ar da algus ke ɓuya a cikinta kamar gini, gama filasta da fenti suna rufe kome. Wanda aka ba buhun siminti mai kilo 50 ya rage ya cika da yashi, ko aka ce ya sa rodi mai milimita 12 ya sa mai 10, ko ya cire katakon dakin tun bai yi ƙwari ba don ya kai wani wurin aiki, duk ya shiga wannan gargaɗi. Masana sun tabbatar kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. Ba mu manta da benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamba na 2021 ba, inda mutane fiye da 40 suka rasu.

Haka nan magini da aka aika sayen kaya wakili ne. Ragin da ya samu na mai gida ne, la'adar da mai shago zai ba shi a ɓoye ba ta halatta sai da sanin wanda ya aike shi.

Game da ramuwa, Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta bayyana cewa masu sana'a suna lamunce kayan da suka tafi da su wurin aikinsu, kamar kafintan da aka kai wa katako shagonsa. Amma wanda ke aiki a gidan mai kaya, malamanmu na Malikiyya ba su ɗora masa ramuwa sai ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umurce shi.

Abin Da Ke Kan Mai Gida

Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. A hadisin Buhari kuwa, cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Lebura da abin da ya samu yau iyalinsa za su ci tuwon dare. Ka ce masa ya dawo jibi alhali kuɗin na aljihunka, wannan zalunci ne.

Mai gida kuma ya kiyaye iyaka. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai. Cin hanya, da toshe magudanar ruwa, da sakin indararo cikin gidan maƙwabci, da buɗe taga mai leƙa tsakar gidansa, duk cutarwa ce da shari'a ta hana.

Daga ƙarshe, kowa ya gina gwargwadon halalinsa. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, Annabi yana ɗan shekara 35, sun yi alkawarin ba za su sa kuɗin riba ko na zalunci ba. Da guzurin ya gaza sai suka rage ginin, suka bar Hijir Isma'ila a waje. In mutanen jahiliyya sun iya wannan, Musulmi ya fi cancanta ya haƙura da ɗaki biyu na halal.

Su kuwa maƙwabtan nan nawa, mun daidaita su a kan kowa ya ɗauki rabin kuɗin filasta, aka rubuta, aka sa hannu. Da sun yi haka tun ranar farko, da ba a ji kansu ba.

Allah Ya ba mu ikon tsare amana, Ya azurta marasa muhalli, Ya sa albarka a gumin masu sana'a. Wallahu a'alamu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.