Albasa, zabibi da tsamiya: abin da bai kamata ya shiga kwanon karen garke ba

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa a lokacin girbin albasa, tun kafin ya iso Galmi hancinsa zai gaya masa inda yake. Galmi tana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, kuma albasarta ja ce ta fitar da sunan yankin har kasuwannin Gana da Kodebuwa. A wannan lokaci albasa tana ko'ina: a garka, a rudu, a bakin hanya, a tukunyar kowane gida. Wadda ta ruɓe ko ta fashe a zubar da ita a bayan gari, inda karnuka da bisashe ke yawo. Darasinmu na yau a kan kare ne, domin makiyayin da ke kwana a daji ya san aikin da kare ke yi masa: shi ne ke jin motsin dila ko ɓarawo tun mutum yana barci. Sai dai a mafi yawan gidaje ba a dafa wa kare nasa abinci. Abin da ya rage a kwano shi ake tura masa, kuma a nan matsalar take.

Albasa tana cinye jinin kare

A cikin albasa, da tafarnuwa, da ganyen albasa, akwai wasu sinadarai masu ƙibiritu, su ne ke sa ido hawaye in ana yanka. Jikin mutum yana iya da su. Jikin kare kuwa ba ya iyawa sosai. In sun shiga jininsa sai su lalata jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Ƙwayar da ta lalace ko dai ta fashe a cikin jijiya, ko saifa ta tsince ta ta kawar. In ɓarnar ta fi abin da ɓargo ke iya mayarwa, kare ya shiga ƙarancin jini.

Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Suya ba ta kashe ta, shanya ma haka. Busasshiyar albasa da garinta sun ma fi ɗanya ƙarfi in aka auna nauyi da nauyi, tunda ruwa ne kawai ya fita. Saboda haka gabu da ake sa wa miya, da soyayyar albasar da ke kan shinkafa da wake, da wadda mai tsire ke barbaɗawa a kan nama, duk lissafinsu ɗaya. Kare ba ya cika cin ɗanyar albasa don kansa, amma in ta sha romo da mai, zai lashe kwanon tas.

Ma'aunin da likitocin dabbobi ke aiki da shi shi ne: in kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jikinsa, jininsa na iya taɓuwa. Ga kare mai kilo 20, giram 100 ke nan, wato albasa guda matsakaiciya. Ga ɗan kwikwiyo mai kilo 5, kwatanta ta isa. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi ninki uku zuwa biyar. Kuma ba lallai sai ya ci a zama ɗaya ba. Kaɗan yau, kaɗan gobe, ɓarnar tana taruwa, domin jini ba ya sabuntuwa cikin kwana ɗaya.

Abin da ya sa mutane ba sa gane wannan ciwo shi ne jinkirinsa. Ranar da kare ya ci, ƙila ya yi amai ko zawo, ƙila ma ba a ga komai ba. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga ya kasa bin garke, yana kwanciya a inuwa, yana haki ko da bai yi gudu ba. In aka ɗaga leɓensa sai a ga dasashi ya yi fari ko ya yi ɗorawa, fitsarinsa kuma ya koma ja ko ruwan ƙasa kamar shayi. A lokacin babu mai tuna miyar da aka ba shi ranar suna.

Waɗannan alamu sun yi kama ƙwarai da zazzaɓin da kaska ke kawowa, wanda shi ma fasa ƙwayoyin jini yake yi. Shi ya sa muke roƙon mataimakan likitan dabbobi da ke ƙauyuka, kafin su ɗauko sirinji, su fara da tambaya: me karen ya ci a wannan mako? An yi biki a gidan? Yana zuwa jujin da ake zubar da albasa? A auna zafin jiki, a duba kaska a kunne da tsakanin yatsu. Allurar ciwon kaska ba ta yi wa gubar albasa komai, kuɗi ne kawai za a zubar.

Wannan magana ba ta tsaya kan kare ba. Shanu ma albasa tana yi musu irin wannan ɓarna, kuma a cikin bisashen gida su ne suka fi saurin kamuwa, sai dawakai. Tumaki da awaki sun fi jurewa. Saniyar da aka saka cikin garka bayan girbi da yunwar rani, ta tarar da tarin albasar da aka ƙi, za ta ci har ta ƙoshi, bayan ƴan kwanaki kuma a ga tana fitsarin jini. In dole ne a yi amfani da ragowar albasa, a riƙa ba da kaɗan, a gauraye da ciyawa ko harawa, kada ta zama ita ce abincin.

Zabibi, inabi, da tsamiya

Ba a cika noman inabi a wannan yanki ba, amma zabibi, wato busasshen inabi, yana shigowa gidaje a tsarabar alhazai da kayan buɗa baki na watan azumi, wani lokaci a cikin biskit ko kek. Yaro ya zubar, kare ya tsince. Tun ƙarshen shekarun 1990 likitocin dabbobi a Amurka suka lura cewa karnukan da suka ci inabi ko zabibi suna kamuwa da mutuwar ƙoda farat ɗaya. Amai yakan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 12, sai kasala da ƙin abinci da yawan ƙishirwa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ragu ko ya tsaya gaba ɗaya, kuma in ya kai nan da wuya kare ya tashi. Wani kare zai ci da yawa ya tsira, wani ƴan ƙwaya kaɗan su kayar da shi, don haka babu adadin da za a ce ba shi da haɗari.

An shafe shekara fiye da ashirin ana neman sinadarin da ke jawo haka. A 2021 masana na cibiyar guba ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka nuna yatsa ga wani sinadari mai tsami da ake kira asid tatarik. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai su ga hakan ya shafe mu kai tsaye: sun ga karnukan da suka ci tsamiya sun yi irin ciwon ƙodar da inabi ke kawowa, kuma tsamiya tana cikin ƴaƴan itacen da suka fi yawan wannan sinadari. Ga mu kuwa da tsamiya a kowace kasuwa, ana jiƙa ta don kunu da tuwo. Kada a ɗauka kurɓi ɗaya na kunu zai kashe kare. Haɗarin yana ga ɓawon tsamiya da namanta, da curin da aka ajiye a ƙasa, da ragowar da aka tace aka watsar a tsakar gida.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Goro, ganyen shayi, kofi da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke zaburar da zuciya, kuma jikin kare yana daɗewa bai fitar da su ba. Ɗacin goro yakan kore shi, amma ganyen shayin da aka zubar bayan dahuwa ta uku ya sha sukari, zai ci. Alamarsa rawar jiki, rashin natsuwa, bugun zuciya da sauri, wani lokaci farfaɗiya. Ƙasusuwan kaza dafaffu kuma suna tsagewa su soki hanji.

In ya riga ya ci

Sa'o'i biyun farko su ne masu daraja. A cikinsu likita na iya sa kare ya amayar da abin tun bai bar ciki ba, ya kuma ba shi gawayin magani mai kama guba. Wannan gawayi na musamman ne, ba na murhu ba. Kada a jira alamu, musamman in zabibi ne ko tsamiya. A nemi ofishin kiwo mafi kusa, a Malbaza, Ƙonni ko Illela, ko likitan dabbobi mai zaman kansa da ke kula da yankin, a gaya masa abin da aka ci, yawansa, da lokacin.

Kada a ɗura wa kare ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana iya kashe shi. Madara da mai ba sa karya wannan guba. Kada kuma a ba shi farasitamol: yana lalata hantar kare da ƙwayoyin jininsa, wato ƙari ne a kan ɓarnar da albasa ta fara. Karen da ke dalalar da miyau, ko ya canja hali yana neman cizo, kada kowa ya sa hannu a bakinsa don duba dasashi, domin haukan kare ma yana nan.

Karen da albasa ta taɓa, in ba ta yi tsanani ba, yakan farfaɗo da zarar an daina ba shi. Yana buƙatar inuwa, ruwa mai tsabta a kusa, da hutu na mako biyu zuwa uku ba bin garke ba farauta, domin zuciyar da ke aiki da ƙarancin jini ba ta ɗaukar gudu a zafin watan Afrilu.

Gyaran a gida bai da tsada. Uwar gida ta ɗebi rabon kare daga tuwo ko dambu kafin a zuba miya, a sa masa ɗan nono ko romon da aka ɗiba tun ba a sa albasa ba. Guntun nama da kayan ciki a dafa su sosai kafin a ba shi, musamman a lokacin layya. Ɗanyen huhu ko hanta mai ƙurajen ruwa, da kan tunkiyar da ta yi ciwon juwa, suna sa wa kare tsutsar ciki, shi kuma ya zubar da ƙwanta a makiyaya, bisashe su ci, har yaran gida su ɗauka. Irin waɗannan sai a ƙone ko a binne su da zurfi. Ruɓaɓɓiyar albasa kuma a haƙa mata rami nesa da mashaya da hanyar garke, a rufe da ƙasa.